Humra a Bokitin Sabulu

Duk wanda ya san Hajiya Yakaka ya san ba ta yarda da abin da ba shi da ƙamshi. Babarbariya ce, iyayenta sun taso daga Borno sun zauna a Fagge tun tana goye, kuma tun tana budurwa sana'arta ke nan, turaren wuta da humra. Idan ta sauka daga adaidaita sahu, magidancin da ya zauna a gurbinta sai ya isa gida yana yi wa matarsa rantse-rantsen cewa ba wajen wata ya je ba. Ko tsumman goge-goge ba ya kwana a gidanta ba a ɗora shi a kan kasko ba.

Aminiyarta Felicia kuwa sabulu take yi a Sabon Gari, a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidan hayar da take zaune. Iyamura ce, amma a Kano ta yi aure, a Kano ta haihu, a Kano ta yi zaman makokin mijinta Ambrose. Farkon haɗuwarsu da Yakaka faɗa ne, a shagon mai sayar da kwalabe a kasuwar Sabon Gari, kowacce ta kama bakin buhu ɗaya ta ƙi saki. Daga ƙarshe suka raba kwalaben, suka hau mota ɗaya, kuma tun ranar ba su daina faɗan ba. Yakaka ta ce sabulun Felicia warin asibiti yake yi. Felicia ta ce humrar Yakaka tana sa mai lafiya atishawa. Da haka suka aurar da 'ya'ya, da haka furfura ta fito musu.

A farkon daminar bana hawan jini ya kayar da Felicia a bakin bokitin sabulu. Allah ya sa da sauran kwana. Ƙafar dama ta dawo, ko da yake tana ɗan janta, magana ma ta dawo, amma hannun dama ya ƙi. Yana nan a kan cinyarta, yatsun a lanƙwashe, sai ta sa na hagu ta ɗaga shi. Ɗanta Onyekachi, wanda ke aiki a Inugu, ya zo da mota ya ce zai tafi da ita, ta zauna wajensa da matarsa gaba ɗaya. Felicia ta ce, “To.”

Wannan “to” ɗin shi ya tsorata Yakaka fiye da ciwon. Matar da ko gaisuwa aka yi mata sai ta sami abin gyarawa a ciki, yau an ce ta kwashe rayuwarta ta bar gari, ta ce to. A kawo abinci, to. A sha magani, to. Yakaka ta gwada tsokanarta, ta ce ɗakin yanzu ya fi daɗin shiga tunda an daina dafa warin nan, Felicia ta yi murmushi da gefen baki kawai. Ranar Yakaka ta koma Fagge ta kasa cin tuwo.

Ran Alhamis da hantsi ta iso gidan, ta tsallake ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa tana tattare lafayarta. A tsakar gida ta tarar da jakunkunan gana-mas-go a jere, an ɗaure bakinsu da igiya. Onyekachi ya taso ya rusuna. Haifaffen Kano ne, Hausarsa ba ta da maraba da ta yaran kasuwar Kwari.

“Sannu da zuwa, Mama Hajiya. Ya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara. Kachi, da gaske dai kake?”

“Wallahi Mama, ba yadda zan yi. Ina can hankalina yana nan. In ta sake faɗuwa ba kowa a kusa fa? Jibi da asuba za mu kama hanya, in Allah ya yarda.”

Yakaka ta san gaskiya yaron ya faɗa. Ta wuce shi ta leƙa ɗakin sabulu, wai ta ga abin da za a bayar da abin da za a zubar. Komai yana nan yadda aka bar shi: jarkokin man alayyadi da na kwakwa, buhun soda a ɗaure, katakan shanya ba komai a kansu. A kan taga ta ga wasu ƙananan robobi na garin kala, shuɗi da ruwan hoda da ruwan ƙwai, ko buɗe su ba a yi ba. Kusa da su ga wani sabon akwatin katako dogo, wanda kafinta Cyprian na bakin layi ya ƙera.

Nan take ta tuna. Kafin ciwon, Felicia ta dame ta da wani bidiyo a waya. Wata mata ce take zuba sabulu kala-kala a akwati, ta nutsa lanƙwasasshiyar wayar ƙarfe a ciki ta ja ta sama da ƙasa, in ya bushe aka yanka sai ka ga zane ya nannaɗe a cikin kowane yanki kamar lallen amarya. Felicia ta kalli abin nan har wayar ta yi zafi. Ta ce ta gaji da farin sabulu mai kama da bulo, kafin ta mutu sai ta yi wannan.

Yakaka ta kwaso robobin ta shiga ɗakin kwana, ta zube su a kan gado kusa da mai jinya.

“Maman Kachi, gobe za mu yi wannan.”

Felicia ta dube su, ta kawar da kai. “Da wane hannu, Hajiya?”

“Da nawa. Ke dai bakinki bai mutu ba, ko ya mutu? Ki zauna ki faɗa, ni in yi.”

“Ke ko kwaɓin sabulu ba ki taɓa tsayawa kin gani ba. Kullum hanci kike toshewa.”

“To gobe zan buɗe shi.”

Felicia ta ce, “To.” Amma wannan karon ta ɗauki robar shuɗin da hannun hagu tana jujjuyawa, kuma Yakaka ta lura.

Dabarar Yakaka ba mai zurfi ba ce. Ta yi lissafin cewa idan Felicia ta ga ana iya sabulu da bakinta da hannun wata, za ta ga tana da sauran abin yi a Kano, ta ce wa ɗanta ya tafi shi kaɗai. Iyakar dabarar ke nan. Ba ta son aminiyarta ta tafi, kuma ba ta san yadda ake faɗa wa mutum irin wannan magana ba, tunda su ba su saba da magana mai laushi ba.

Washegari ta zo da sassafe. Onyekachi ya ɗauko kujerar roba ya ajiye wa mahaifiyarsa a bakin ƙofar ɗakin sabulu, ya buɗe taga, ya koma harkar ɗaure kaya. Yakaka ta tuɓe lafaya ta rataye, ta ɗaura tsohon zani a ƙirji, ta zura safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu. Da Felicia ta miƙo mata tabaran kare ido, ta ce ita ba mai walda ba ce, amma ta saka.

“Soda ake zubawa a ruwa, ba ruwa a soda ba,” in ji Felicia, murya ƙasa-ƙasa. “A hankali. Kawar da fuskarki.”

Ruwan ya ɗau zafi da kansa, wani tururi mai shaƙe maƙogwaro ya taso. Yakaka ta yi tari ta yi salati. Suka jira ya huce. Aka auna mai, aka narka man kaɗe aka haɗa, sannan aka tsiyaya ruwan sodan a ciki, Yakaka ta kama juyawa da muciya. Felicia tana daga zaune tana cewa “ya yi” da “ƙara kaɗan,” kamar mai ba baƙo kwatancen hanya.

“Ji nan, Hajiya. Wannan ba irin na kullum ba ne. So ake ya tsaya da ruwa-ruwa, kamar kokon da bai yi kauri ba. In ya yi kauri kala ba za ta yi tafiya a ciki ba. Shi ya sa ba za mu sa masa komai ba. Ba turare, ba komai.”

“Ba komai?”

“Ba komai.”

Yakaka ta ci gaba da juyawa, amma ranta bai kwanta ba. Ta sunkuya ta shinshina. Warin mai ne da soda, ba daɗi ba ƙyama, irin warin da a ganinta bai kamata a bar shi ya taɓa jikin ɗan Adam ba. Kuma wannan fa shi ne sabulun da Felicia ta ci buri a kai. Wataƙila ma shi ne na ƙarshe da za a yi a ɗakin nan. A ce abu mai kyau haka ya fita duniya tsirara, ba ko ɗigon ƙamshi? A wajen Yakaka wannan rowa ce, kuma ita ba a san ta da rowa ba.

A cikin jakarta akwai 'yar kwalbar da ba ta rabuwa da ita. Humra ce baƙa, tsohuwar haɗi, wadda ta jiƙa da farcen turare da sandal da kanumfari ta ɓoye a ƙarƙashin gado har ta yi kauri. Ko amaren da ake biya mata kuɗi mai yawa ba ta zuba musu wannan. Daidai lokacin Onyekachi ya zo da magani da kofin ruwa, Felicia ta juya tana haɗiya. Yakaka ta zaro kwalbar, ta yi bisimilla, ta tuntsura ta a bokitin. Ba ɗigo ta yi ba. Mutum ba ya yi wa aminiyarsa ɗigo.

Ƙamshi ya cika ɗakin, Yakaka ta lumshe ido don daɗi. Ta juya muciya sau ɗaya, ta juya na biyu, a na gaba muciyar ta ƙi tafiya. Ta buɗe ido. Abin da yake kamar koko yanzu-yanzu ya zama kamar tuwon da ya kwana, ya dunƙule, ya yi gudaji, muciya ta tsaya cak a tsakiya ba mai riƙe da ita.

Felicia ta ɗaga hanci. Ta ajiye kofin a hankali.

“Yakaka.”

Rabon da ta kira ta da sunanta, ba Hajiya ba, tun kafin ciwo.

“Yakaka, me kika zuba?”

“Ɗan kaɗan ne...”

“Chineke! Humra? Humra kika zuba mini a sabulu?” Muryar ta fito gaba ɗaya, har kajin maƙwabta suka watse. “Ban ce miki ba komai ba? Da Hausa na faɗa ko da Iyamuranci? Ruwan turaren da kuke jiƙa abin nan da shi, da kanumfarin, soda ba ya shiri da su! Kin daskarar mini da mai! Man kaɗen da na aika har ƙauye aka kawo mini!”

“To ni na sani? Mutum ya yi abu ba ƙamshi kamar...”

“Rufe mini baki ki ɗauko cokali! Babban! Kachi, matsa ka ba ni hanya!”

Kafin ɗan ya miƙa hannu ta dafa ƙofa ta miƙe da kanta. Ta ja ƙafa ta iso bakin tebur, ta sa ya zura mata safa a hannun hagu. Ta ce a kwashe a danna a tsohon akwati tun bai gama zama dutse ba. Yakaka tana kwasowa tana zubawa, Felicia tana dannawa da tafin hannu tana zazzaga masifa, ta tono laifin Yakaka na bana da na bara da na shekarar da aka yi bikin Onyekachi. Yakaka tana ramawa, gumi yana shiga mata ido ta ƙarƙashin tabarau, amma cikinta fari ƙal. Da za a ba ta dama da ta yi guɗa.

Ana cikin haka zanin Felicia ya kwance. Da safe da hannu ɗaya ta soke shi, bai kama ba, yanzu da ta yi yunƙuri sai ya sulale ya faɗi ƙasa, ya bar ta da siket ɗin ciki. Onyekachi ya juya baya da sauri ya fita. Yakaka ta cire safa ta sunkuya ta ɗauko zanin, ta zagaya ta ɗaura mata, ta ja ta soke. Abin bai ɗauki lokaci ba. Amma Felicia ta tsaya ƙiƙam tana kallon bango har aka gama.

Abin da ke cikin akwatin ba ya ganuwa. Ruwan ƙasa ne mai ramuka, ya yi tudu a nan ya yi kwari a can. Sai dai ƙamshi, wannan kam ba a magana.

“Wannan sai wankin tsumma,” in ji Felicia. Ta dubi jarkoki. “Akwai sauran mai?”

Akwai. Suka sake daga farko, bayan an wanke bokiti da muciya har sau ba adadi. Wannan karon Felicia ta ƙwace jakar Yakaka ta zauna a kanta. Da kwaɓin ya yi daidai, aka raba shi a kofuna, aka dama shuɗi a ɗaya, ruwan hoda a ɗaya, ruwan ƙwai a ɗaya, aka bar mafi yawa fari. Yakaka ta shimfiɗa leda a sabon akwatin Cyprian ta zuba farin. Sannan ta riƙa tsiyaya kalolin daga sama, layi bayan layi, yadda aka ce mata, suna nutsewa suna ɓacewa a ciki.

Saura jan waya. Felicia ta sa an lanƙwasa wayar rataye kaya daidai tsawon akwatin. Yakaka ta karɓa ta gyara tsayuwa, ta ware ƙafa, ta ɗaga kafaɗa.

“Tsaya! Me za ki yi?”

“Juyawa mana.”

“Tuwo za ki tuƙa? Na ga kafaɗarki! Ku komai sai kun tuƙe shi ya yi sumul. In kika tuƙa wannan, kalar kwata za ki samu. Ba ni nan.”

Ta karɓi wayar da hannun hagu. Hannun bai saba ba, ya ɗan yi rawa, Yakaka ta riƙe mata akwatin da hannu biyu don kada ya motsa. Felicia ta nutsa wayar har ƙasa, ta jawo ta sama a hankali, ta matsa gaba kaɗan ta sake nutsawa, tana cije leɓe. Ta je ƙarshe ta dawo, ta zare ta ajiye.

“Shi ke nan?” in ji Yakaka. “Ƙara ko sau ɗaya.”

“Aikin duka a nan yake, ki san inda za ki cire hannu.”

Ragowar kalolin suka ɗiɗɗiga a sama, Felicia ta ɗauki tsinken tsire ta ja shi a kai, daga wannan gefe zuwa wancan. A gaban idonsu ɗigon ya miƙe ya zama ganye, ganyen ya lanƙwashe ya bi ɗan'uwansa, shuɗi ya shiga ruwan hoda bai ɓata shi ba. Yakaka ta riƙe haɓa. Ita da ba ta taɓa yabon sabulu ba, sai ga shi ta ce, “Masha Allah. Maman Kachi, wannan ai sai a ji tausayin wanka da shi.” Felicia ta yi dariya, ta gaske, har gefen bakin da ya saki ya motsa.

Aka rufe akwatin da kwali, aka lulluɓe da tsohon bargo. Yakaka ta tambayi yaushe za a ga na cikin.

“Ba a taɓa shi yau. Gobe ma da wuya, da wannan damina. Sai ya yi ƙarfi a yanka, sannan a jera a katako ya sha iska fiye da wata.” Felicia ta koma kan kujera, numfashinta yana fita da ƙyar. Ta dubi hannunta na dama. “Ke za ki yanka. Ki sa a ɗauki hoto a turo wa Kachi, zai nuna mini.”

Yakaka ta juyo ta dube ta. Duk wannan ihu da dariya, ashe matar tana nan a kan tafiyarta. Ta cire tabaran ta jefar a tebur.

“Wai ke me aka yi miki a garin nan? Yanzu ba ki ga mun yi ba? Da bakinki da hannuna, ga shi nan a ƙarƙashin bargo! Me za ki je ki yi a Inugu, ki zauna a falo kina kallon talabijin har ki mutu? Wa kika sani a can? Wa zai yi miki faɗa?”

“Ba sabulu ba ne, Hajiya.”

“To mene ne?”

Felicia ta leƙa ta tabbata ɗanta ba ya kusa. Ta yi magana ba ta ɗaga kai ba.

“Kin ga abin da ya faru ɗazu. Kullum haka ne. Ba na iya ɗaura zani. Ba na iya ɗaura ɗankwali. Ran Lahadi na fasa zuwa coci don na kasa ɗaura zani na biyu a kan na farko, na zauna a bakin gado ina kuka kamar yarinya. A can matar Kachi za ta yi mini. Ita ba ta san ni da can ba, a haka za ta san ni, ba zan ji komai ba. Amma ke kin san ni ina ɗaukar jarkar mai a ka daga kasuwa har gidan nan. Ba na so ki riƙa ganina haka. Gara ki tuna ni da bakina da ƙarfina.”

Ruwa ya fara sauka a kan kwano, yayyafi mai laushi. Yakaka ta ɗauki lafayarta ta naɗa, ta zaro jakarta daga ƙarƙashin Felicia. A bakin ƙofa ta tsaya ta waiwayo.

“Ni dai kin gani da idonki, ban iya sabulu ba. Amma na iya ɗaurin zani. Kuma daga Fagge zuwa nan ba nisa.”

Ba ta jira amsa ba ta fita, don ba ta son a ga fuskarta. A cikin adaidaita ta ja lafaya ta rufe ido, direban ya yi ta leƙenta ta madubi.

Ran Asabar tana idar da sallar asuba ta fito. Ta gaya wa kanta sallama za ta je yi, kada a ce aminiyarta ta bar gari ba ta zo ba. Gari ya fara wayewa lokacin da ta isa. Mota tana ƙofar gida, an cika bayanta, an ɗaure wasu jakunkunan a sama an rufe da tamfol. Onyekachi yana tsaye yana kaɗa makulli, fuskarsa a dame.

“Mama Hajiya, gara da kika zo. Ta ƙi shiryawa. Na kira Maman Munachi ta maƙwabta ta taimaka mata, ta kore ta. Ni kuma ta ce kada in shigo. Ga rana tana yi, hanyar nan ba a son dare ya riski mutum a kanta.”

Yakaka ta ɗaga labule ta shiga. Felicia tana zaune a bakin gado da riga da siket ɗin ciki, zannuwa biyu a ninke a kan cinyarta. Ba na tafiya ba ne. Tsofaffin nan ne na aiki, masu tabon soda a gefe.

“Ina kika tsaya?” in ji Felicia, a fusace. “Tun ɗazu nake zaune.”

Yakaka ta ajiye jaka. Ta kama ta ta miƙar, ta warware zani na farko ta zagaya da shi ta soke.

“Ba can ba. Ku Barebari komai a karkace. Ta nan. Ja sosai, ba zan karye ba.”

Ta ja sosai. Ta ɗora na biyun a sama, ta daidaita bakinsa, ta ɗauko ɗankwali ta naɗa mata. Felicia ba ta kalli bango ba wannan karon, ta tsaya tana kallon ƙeyar Yakaka tana gyara mata kuskure. Da aka gama ta dafa kafaɗarta, suka fito tsakar gida tare.

Onyekachi ya dubi zannuwan aikin, ya dubi mahaifiyarsa, ya gane.

“Mama...”

“Sauke kayana, Kachi. Ka tafi, matarka tana jira. Da Kirsimeti ka zo ka ɗauke ni in ga jikokina, ka dawo da ni.”

“In kika faɗi fa? Wa zai...”

“Ni,” in ji Yakaka. “Kullum da safe ina nan. Da dare a sa 'yar Maman Munachi ta riƙa kwana da ita. In ka kira ta ba ta ɗauka ba, ka kira ni. In na ga abin ya fi ƙarfina, wallahi da kaina zan ce ka zo.”

Ya tsaya yana kallon tsofaffin nan biyu, ɗaya ta jingina da ɗaya. Ya san mahaifiyarsa, ya kuma ji muryar da ta yi magana da ita, wadda rabonsa da ita tun kafin asibiti. Ya share fuska da tafin hannu, ya je ya fara kwance igiyar tamfol.

Su kuwa suka wuce ɗakin baya. Yakaka ta yaye bargon, ta ɗaga kwalin. Zanen saman yana nan, ya ƙara fitowa.

“In kawo wuƙa?”

Felicia ta sa yatsa ta danna gefen sabulun a hankali, yatsan ya bar ɗan gurbi.

“Bai yi ba,” ta ce. “Rufe shi. Sai gobe ma duba.”

Yakaka ta mayar da kwalin, ta ja bargon ta lulluɓe, ta yi ta gyara gefensa fiye da yadda yake buƙata, don hawaye ya hana ta ɗagowa.